Gurguzu: Alkawarinsa da Iyakarsa

Ya kai mai karatu, ka tambayi tsofaffin garinku labarin Sawaba. Jam'iyya ce ta Djibo Bakary, wadda ta yi kuka a kan haraji da zaluncin masu mulki. Talakawa da yawa suka bi ta, gama kukan gaskiya ne. Gwamnatin Diori Hamani ta hana ta a 1959. Sai shugabanninta suka nemi taimakon ƙasashen gurguzu, waɗansu samari suka tafi Sin koyon yaƙi. A 1964 suka shigo Nijar da bindigogi, har ƙasar Ƙwanni kusa da Madawa. Ba su yi nasara ba. Aka kashe waɗansu, aka ɗaure da yawa.

Mene ne gurguzu? Koyarwar Karl Marx ce. Ta ce a ƙwace mulki da ƙarfi, gona da masana'anta su zama na gwamnati, kada kowa ya fi wani. Ta kuma ce ba a bukatar Allah.

Kada mu ɓoye abin da ya yi. A Rasha da Sin an gina makarantu da asibitoci, jahilci ya ragu ƙwarai. Amma dubi iyakarsa. A 1958 Mao ya tara manoman Sin a manyan gandaye. Ma'aikata suka ji tsoron faɗin gaskiya, suka rubuta amfanin da gona ba ta bayar ba. Gwamnati ta kwashe hatsi bisa lissafin ƙarya. Kafin 1962 yunwa ta kashe miliyoyin mutane. Tarayyar Sobiyet kuwa ta rushe a 1991.

Ga darasin. Inda ba mai ikon ce wa shugaba ya yi kuskure, talaka ne yakan biya. Doka tana iya raba gona, amma ba ta iya cire haɗama daga zuciya. Wannan aikin Allah ne.

To, sai mu naɗe hannu? Ko kaɗan! Daga 1975 mutanen kwarin Majiya a ƙasar Buza suka dasa layukan dogon yaro, suka kare gero daga iska. Daga 1984 matan Kaita suka ɗauki duwatsu a ka, suka tare ruwa, fako ya sāke yin ciyawa. An sami taimako daga waje, amma ba a sa wa kowa bindiga ba.

Ku tattauna da iyalinku da dare: wane aikin gayya garinmu ke bukata bana? Wane maƙwabci ne rumbunsa ya ƙare, mu kuwa muna da saura?