Darasi: Hukuncin Fita Yawon Shaƙatawa Tare Da Abokai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi shi ne wani dattijo da ya tsayar da mu a ƙofar masallaci, ransa a ɓace. Ɗansa da abokan fadarsu sun yi karo-karo ran Lahadi, suka tafi bakin tafkin Madarunfa tun da hantsi. Suka gasa nama, suka dafa shayi, suka buga karta, suka kalli fim a salula. Ba su dawo ba sai bayan Magariba, Azahar da La'asar duk sun wuce su, kuma biyu daga cikinsu ba su ga maciji saboda jika biyu da aka aza a kan karta. Dattijon ya ce mu hau mumbari mu haramta irin wannan fita. Muka ce masa: "Baba, abin da Allah Ya halatta ba mu da ikon haramta shi, amma za mu bayyana iyakokinsa."

Na ɗaya: Asalin hukuncin

A cikin Suratu Yusuf, aya ta 12, ƴan'uwan Annabi Yusufu sun roƙi mahaifinsu ya bar shi ya bi su jeji domin ya ci, ya yi wasa. Annabi Yakubu bai ce wasa laifi ne ba. Abin da ya ambata shi ne baƙin cikin rabuwa da yaron, da tsoron kada kyarkeci ya cinye shi su kuwa sun shagala. To, haka uba mai hankali yake: hatsarin da ke tattare da fitar yake dubawa.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa sahabi Hanzala ya zargi kansa da munafunci, domin a gaban Manzon Allah (SAW) zuciyarsa tana cika da tunanin Lahira, in ya koma gida kuwa sai ya shagala da iyali da dukiya. Annabi ya kwantar masa da hankali, ya sanar da shi cewa kowane al'amari da lokacinsa. Buhari kuma ya kawo nasihar Salmanul Farisi ga Abud Darda'i, cewa Ubangiji Yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma haka, kuma Annabi ya gaskata Salmanu. Saboda haka hutawa halal ce, kuma wanda ya yi niyyar samun ƙarfin ibada da neman halal da ita, yana da lada.

Na biyu: Abokan tafiya

Kafin a tambayi inda za a je, a tambayi da wa za a je. Manzon Allah ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, mugun aboki kuma da mai zuga wutar maƙera: na farko ko bai ba ka ba za ka shaƙi ƙamshi, na biyu ko bai ƙone maka riga ba za ka kwashi wari. Abu Dawuda ya ruwaito umurnin cewa in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Fitar yini ɗaya ma tana buƙatar wannan ladabi. A zaɓi mai natsuwa, ya riƙe kuɗin karo-karo, ya kula da agogo, ya raba gardama. Kuma kada yaro ya fita sai da iznin iyayensa.

Na uku: Wasanni

Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake, ya wuce ta. Ya bar Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallacinsa, ita kuma tana kallo. Ya shirya sukuwar dawaki a Madina. Ke nan gudu, ƙwallo, langa, iyo da kokowa duk asalinsu halal ne. Kokowar gargajiya, wadda aka fara gasar ƙasa tata a Tawa a 1975, ƙarfin jiki take ƙarawa. Abin gyara a cikinta shi ne bayyana al'aura da dogaro ga layu da bokaye.

Wasan da aka aza kuɗi a kansa, wanda ya ci ya kwashe, caca ne, ko da dala biyar ce, ko da sharaɗin wanda aka cinye shi zai biya kuɗin nama. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta haɗa caca da giya, ta bayyana cewa Shaiɗan yana jefa gaba da ƙiyayya da su, yana kange mutane daga ambaton Allah da salla. Ku dubi samarin nan: gaba ta shiga, salla ta wuce, daidai yadda ayar ta faɗa. Wasan nardu, mai ƴaƴan jefawa, hani ya zo a kansa a cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, kuma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya hana shi tare da shaɗaranji a cikin Risala. Game da dara da karta marar kuɗi, malamai sun yi saɓani. Waɗanda suka sauƙaƙa ma sun gindaya sharaɗi: babu kuɗi, babu zagi da rantse-rantse, babu jinkirta salla.

Na huɗu: Kallon fim

A shekarun 1990 sai yaro ya biya kuɗi ya shiga gidan bidiyo kafin ya ga fim, unguwa duka ta san inda yake. Yau gidan bidiyon yana cikin aljihunsa. Na'urar kanta ba ta da hukunci, abin da ke cikinta shi ake dubawa. Fim na tarihi, ko na halittun Allah, ko labari mai koyar da ɗa'a, babu laifi. Wanda ke nuna tsiraici, ko yake ƙawata zina da shaye-shaye, ko yake izgili ga addini, Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, ta umurci maza da mata su runtse idanunsu. Ma'auni mai sauƙi: abin da za ka yi sauri ka kashe in mahaifinka ya leƙo, bai cancanci ka kalle shi ba alhali Allah Yana ganinka.

Na biyar: Abinci

Karo-karo yana da asali mai kyau. Annabi ya yabi Ash'ariyyawa saboda in guzurinsu ya ƙaranta sukan tara shi wuri ɗaya su raba daidai. Kada a kunyata wanda bai da abin bayarwa, a ɗauke masa cikin sirri. A ci balangu da dambu da fura gwargwadon buƙata, domin Suratul A'araf, aya ta 31, ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna. Bai dace magidanci ya kashe jika biyar a kan tsire ba alhali gidansa babu hatsi. In almajiri ko makiyayi ya tsaya kusa, a sammasa. In an tashi a kwashe leda da ƙasusuwa, kada kuma a yi bahaya a inuwar da mutane ke hutawa, domin hadisin Muslim ya yi gargaɗi mai tsanani a kan haka.

Na shida: Salla

Wannan shi ne ma'aunin yinin duka. Tun daga gida a ɗauki buta da tabarma. In lokaci ya yi a ajiye ƙwallo, a kashe salula, ɗaya ya kira salla, a yi jam'i. A mazhabar Imamu Malik ba a yin ƙasaru sai tafiya ta kai baridi huɗu, wato wajen kilomita 80. Daga Maraɗi zuwa Madarunfa bai kai haka ba, don haka salla cikakka za a yi, kowace a lokacinta. Ga ruwa kuma a gabansu, babu maganar taimama ga mai lafiya.

Kammalawa

Mun shawarci dattijon da kada ya kulle ɗansa a gida, domin wanda aka hana shi a sarari zai nema a ɓoye. Ya kira shi da abokansa, ya sa su rama sallolin da suka wuce su tare da tuba, wanda ya ci jika biyun nan ya mayar wa mai su, su yi musafaha. In sun sake shirin fita, ya tambaye su wane ne shugaba, wane ne liman, yaushe za a dawo. Mu ma iyaye da malamai, ya kamata wani lokaci mu bi su, mu ci tare, mu yi dariya tare, mu ja su salla a ƙarƙashin itace.

Allah Ya shiryi zuri'armu, Ya sa hutunmu ya zama taimako a kan ɗa'arSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.