Tukunyar Girki Ba Tankin Mota Ba Ce

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur, lissafin duk mai mota ya rikice. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Mutanen Kafanchan da kewaye sun ji abin a jikinsu ƙwarai, domin garin da jirgin ƙasa ya raya tun shekarun 1920, har ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos, yau kusan komai nasa a kan titi yake tafiya. Cittar Kwoi da Kachia a mota take fita, ɗaliban kwalejin Gidan Waya a mota suke zuwa, mai jinya da aka tura Jos ko Kaduna shi ma sai a mota. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in direba ya fara tunanin sa wa motarsa tukunyar gas ɗin girki a but, ya ja tiyo zuwa inji, ya huta da gidan mai. Wannan takarda ba ta zo don kushe gas ba. Gas makamashi ne mai kyau, ƙasarmu kuma tana da shi da yawa. Abin da za a nuna shi ne, mayar da mota mai amfani da gas aiki ne na kayan da aka ƙera dominsa da hannun da aka horar, wanda kuwa ya yi shi a tsakar gida da tukunyar girki ya ɗauki haɗari babba a kan ribar da ba ta taka kara ta karya ba.

Da farko a san cewa gas ɗin da ake sa wa mota iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana kashe mutane. Akwai gas ɗin girki, wanda ake kira LPG; a cikin tukunya ruwa ne, sai ya fito yake zama iska. Akwai kuma CNG, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa shiri na musamman a kansa a 2023; shi ba ya zama ruwa, matse shi ake yi da ƙarfi. Matsin da ke cikin tukunyar girki ya ninka na iskar tayar mota sau biyu zuwa huɗu ne kawai, amma na CNG ya ninka shi kusan sau 90. Tukunyar girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta iya riƙe wannan matsi ba ko na minti ɗaya. An ga haka a Benin ta Jihar Edo a watan Oktoba 2024, inda wata mota ta tarwatse ana cikin ɗura mata CNG, mutane suka ji munanan raunuka, hukuma kuma ta ce tukunyar motar haɗin walda ce, ba wadda aka amince da ita ba.

To, mai karatu zai ce shi ba CNG yake nufi ba, gas ɗin girki zai sa, kuma a tukunyarsa ta asali. A nan ma akwai magana. Tankin LPG da aka ƙera don mota yana da bawul na musamman mai ayyuka da yawa. Yana tsayar da ɗura gas da zarar tanki ya kai kashi 80 cikin 100, domin ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi, in bai sami wurin kumbura ba sai ya tsaga ƙarfe. Yana rufe kansa in bututu ya katse a haɗari, yana rufewa in an kashe inji, in kuma wuta ta kama matsi ya yi yawa, yana sakin gas kaɗan-kaɗan don kada tanki ya fashe gaba ɗaya. Ana ɗaure tankin da ƙarfe a jikin mota, a fitar masa da hanyar iska zuwa waje. Tukunyar girki an yi ta ne ta tsaya a tsaye wuri ɗaya, cikin inuwa, tana ba da iska a hankali. In aka kwantar da ita a but, ruwan gas ne zai bi tiyo maimakon iska, regiletar girki kuwa ba a yi ta don ruwa ba. Sa'an nan a tuna da irin hanyoyinmu. Wanda ya san gangaren da ke tsakanin Jos da Manchok, ko ramukan da damina ke bari a hanyoyin ƙauyuka, ya san irin jijjigar da tukunya da tiyon roba za su sha kullum, ga zafin Maris da Afrilu a cikin but ɗin da ke rufe, ga salansa a ƙarƙashinsa.

Halin gas ɗin girki in ya tsiyaya shi ne abin da ya fi kamata kowa ya riƙe. Ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a ƙasa, a cikin but, a ƙarƙashin kujeru, a ramin gareji. Lita ɗaya ta ruwansa tana zama iska wajen lita 250, kuma in ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, ya isa ya kama. Abin da zai kunna shi ba sai ashana ba: tartsatsin wayar fitilar birki ya isa, balle sigarin fasinja. Jihar Kaduna ba ta buƙatar a ba ta labarin wannan daga wata ƙasa. Ranar 4 ga Janairu 2020 gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, a kan hanyar Kachia, ya kashe mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya. Wannan a shago ne da ke tsaye wuri ɗaya. A ƙiyasta in a cikin motar haya Sharon ce cike da fasinja tana gudu.

Wani zai ce, ai mun mayar da janareto kan gas tun 2023, ga shi yana aiki lafiya. Gaskiya ne an yi, wasu kuma sun ji daɗinsa. Amma janareto yana waje, iska na kaɗa shi, tukunyarsa na tsaye nesa da shi, ba ya karo da kowa, kuma gas ɗin da yake sha kaɗan ne. Injin mota yana jan gas da yawa a lokaci ɗaya, ruwan gas kuwa in yana zama iska da sauri sanyi yake yi har ya daskarar da regileta. Shi ya sa kayan mota na gaskiya suke da na'urar da ruwan zafin lagireto ke bi ta cikinta yana ɗumama gas. In babu ita, mota tana iya mutuwa a tsakiyar hawa ko lokacin da direba ya fita zai wuce tirela. Motocin yanzu kuma yawancinsu ba kabureta gare su ba, kwamfuta ce ke auna musu mai, sai an haɗa mata wata ƙaramar kwamfutar an daidaita su. In gas ya yi wa inji kaɗan, zafi yakan ƙaru ya cinye bawul, kuɗin da aka ce an yi tsiminsa ya tafi wajen sauke kan inji.

Mu zo kan kuɗin, tunda dominsa ake yin abin. Ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na gas ɗin girki daidai yake da na fetur wajen lita ɗaya da rabi, ko ƙasa kaɗan. Ke nan tukunya mai kilo 12.5 ba ta wuce fetur lita 18 ba, wanda da ƙyar zai kai mota mai kaya daga Kafanchan zuwa Kaduna ta Zonkwa da Kachia, tafiyar kimanin kilomita 200. Kowa ya yi lissafin da kansa: ya ɗauki kuɗin litar fetur a yau, ya ƙara masa kusan rabinsa, ya gwada da kuɗin kilon gas a wurin da yake saye. Abin da ya rage a tsakani shi ne ribar. A lokutan da kilo ya haura naira 1,000 nesa, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2024, ribar ta yi siriri. Arahar da ake yawan faɗa a rediyo ta CNG ce, ba ta gas ɗin girki ba. Kuma a tuna, farashin gas ɗin girki yana bin dala da kuɗin dako daga Kudu, in masu mota suka yi masa rubdugu, uwargida ce za ta fara komawa kan itace da gawayi.

Akwai kuma masu cewa wannan magana raina kanikawanmu ce. Ko kusa. Wanda ya ga abin da ake ƙerawa a Panteka ta Kaduna, ko yadda bakanike a Kafanchan yake tayar da Golf ɗin da ta shekara talatin tana aiki, ba zai raina hannun mutanenmu ba. Sai dai ƙwarewa ba ta maye gurbin kayan gwaji. Ba a gane ƙarfin tukunya da ido ko da ƙwanƙwasawa, sai an matsa mata ruwa a na'ura an auna. A Turkiyya motoci miliyoyi ne ke tafiya da LPG, haka a Foland da Italiya, tasin Koriya ta Kudu kuma sun daɗe a kansa. Abin da ya sa ya zauna musu shi ne doka: tanki mai hatimi, mai haɗawa mai lasisi, da duba mota lokaci-lokaci. Bakanikenmu in ya sami horon da kayan zai yi aikin kamar na can.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta wanda ya ce, to ina wurin da zan kai? Yana da gaskiya. Tun Disamba 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci kan gas, a watan Yuni na shekarar kuma aka fara shimfiɗa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, amma wuraren haɗawa da na ɗura gas sun fi taruwa a manyan birane. Direban Jema'a ko Kaura ko Sanga ba zai ƙona mai zuwa Kaduna ko Abuja don ya sayi gas mai araha ba. Wannan gibi ne, kuma shi ke tura mutane ga dabarar tsakar gida. Maganinsa a nema da baki ɗaya, ba kowa ya yi gwaji da ran fasinjansa ba. Fasinjan da ya biya kuɗin mota bai san abin da ke bayan kujerarsa ba, ba a kuma nemi yardarsa ba.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu su matsa a kafa wurin haɗawa mai lasisi da gidan ɗura gas a Kafanchan, a kuma horar da kanikawan yankin a ba su takarda. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ta hana lodi ga duk motar da aka ga tukunyar girki a haɗe da injinta, jami'an kiyaye haɗura da na hukumar kula da hanyoyi ta jiha, KASTLEA, su riƙa buɗe but suna dubawa. Masu sayar da gas kada su ɗura wa tukunyar da ke ɗaure a mota. Sarakuna da limamai da fastoci su faɗa wa jama'a. Kai kuma mai mota, in ka ƙudura komawa gas, je wurin da aka amince da shi, ka nemi takardar shaidar tankin da ranar da aka gwada shi. In ba ka sami haka ba, ci gaba da fetur ɗinka har a kawo. Fasinja kuwa, in ka shiga mota ka ji warin gas, ka ce a tsaya, ka sauka.