JERIN GWANO A BIRNI, AMANA A GIDA: DARASI KAN KARE RAN ƊAN TAYI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Yake suranta bayi a cikin mahaifa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karon ya shafi ran da bai riga ya zo duniya ba, watau ɗan tayi da ke cikin uwarsa. Muna jin labarin jerin gwano da gangami da ake yi a manyan birane saboda shi. Ya kamata mu san asalin wannan fitowa, da hukuncin shari'a a kan al'amarin, da kuma abin da ya hau kanmu mu mutanen Tsarnawa, da Ƙwanni, da Malbaza, da Illela.

ASALIN GANGAMIN

A shekarar 1973 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar. Daga watan Janairu na 1974 waɗanda ba su yarda ba suka fara taruwa a birnin Washinton kowace shekara, suna jerin gwano cikin tsananin sanyi. A watan Yuni na 2022 kotun ta soke wancan hukunci, ta mai da al'amarin hannun kowace jiha.

Maganar ta iso ƙasashen Musulmi da ƙarfi a watan Satumba na 1994, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taron yawan al'umma a Alƙahira. Saudiyya da Sudan sun ƙaurace wa taron. Bayan doguwar muhawara, takardar ƙarshe ta bayyana cewa kada a ɗauki zubar da ciki a matsayin hanyar tsara iyali.

Mu a Nijar mun ga namu. A 1994 ƙungiyoyin Musulunci suka tashi tsaye a kan daftarin dokar iyali har aka jingine shi. A watan Yuli na 2003 kuma Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. Sashe na 14 na yarjejeniyar ya nemi ƙasashe su ba da izinin zubar da ciki a likita idan an same shi ta fyaɗe, ko tsakanin muharramai, ko idan yana barazana ga rai ko lafiyar uwa. Ƙungiyoyin Musulunci, har da na mata, sun fito a Yamai sun nuna rashin amincewarsu. A watan Yuni na 2006 Majalisar Dokoki ta ƙi yarjejeniyar da ƙuri'a 42 a kan 31. Har ta cika shekara 20 a 2023 Nijar ba ta tabbatar da ita ba.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Allah Ta'ala Ya hana kashe 'ya'ya saboda talauci a Suratul An'am, aya ta 151, Ya kuma hana kashe su saboda tsoron talaucin da bai zo ba a Suratul Isra'i, aya ta 31. A wurare biyun Ya ɗauki alkawarin arzikin iyaye da na 'ya'ya. A Suratut Takwir Ya ba mu labarin cewa ranar alƙiyama za a tambayi jaririyar da aka turbuɗe da rai laifin da ta yi.

Hadisi na 4 a cikin Arba'una Hadisi na Imam Nawawi, wanda yaranmu suke haddacewa a makarantun Islamiyya, ya bayyana matakan halitta: kwana 40 ɗigon maniyyi, kwana 40 gudan jini, kwana 40 tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Jimla kwana 120 ke nan, wata huɗu. Malamai sun haɗu a kan cewa zubar da ciki bayan an busa rai haramun ne, kisan rai ne. Kafin wannan lokaci mazhabobi sun yi saɓani, amma sanannen zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne hani tun daga lokacin da mahaifa ta riƙe, ko da ba a kai kwana 40 ba. Haka Shehu Dardir ya tabbatar a sharhinsa na Muhtasar.

Shari'a ta sanya wa ɗan tayi diyya. Wasu mata biyu na ƙabilar Huzailu sun yi faɗa, ɗaya ta jefi ɗaya da dutse, abin da ke cikinta ya mutu, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hukunta biyan abin da ake kira gurra. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin, ya ƙimanta ta dinari 50 ko dirhami 600, watau kashi ɗaya cikin 10 na diyyar uwa. Shari'a ta kuma ajiye wa ɗan tayi rabonsa na gado, ta ba mai ciki damar ajiye azumi idan ta ji tsoron cutuwa.

Akwai lalura da shari'a ta duba. Idan likitoci amintattu suka tabbatar cewa ci gaban ciki zai halaka uwa, ana ceton uwa, domin ita ce tushe, ranta kuwa tabbatacce ne. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta ba da fatawar cewa idan kwamitin ƙwararrun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani kafin cikar kwana 120, ana iya fitar da cikin bisa neman iyaye. Wannan hukunci na malamai ne da likitoci. Mai sayar da magani a bakin tasha ba shi da ta cewa a ciki.

DAGA YAMAI ZUWA TSARNAWA

To, jama'a, Yamai tana da nisan fiye da kilomita 400 daga nan. Wanda ya je gangami ya dawo, zai sauka a mararrabar nan tamu, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Maraɗi, ya shiga gidansa. A nan ne ake ceton ɗan tayi ko a rasa shi. Doka tana iya hana likita, amma ba ta shiga ɗakin da yarinya ta kulle kanta tana shan jiƙe-jiƙe da ƙwayoyi cikin dare. Tilas mu tambayi kanmu, me ya kai ta nan?

Na farko, tsoron abin kunya. Yarinya ta yi kuskure, ta san idan magana ta fito uba zai kore ta, unguwa za ta sa ta a waƙa. Wanda ya yi mata cikin kuwa ya rantse ya tsallake, ko ya tafi ci-rani Najeriya ko Abijan, ya dawo a ba shi wata budurwa. Zina babban zunubi ce a kan su biyun, ba mu sassauta ta. Sai dai mu tuna da matar nan Gamidiyya, wadda Imam Muslim ya ruwaito labarinta. Ta zo ta yi iƙirari da bakinta tana ɗauke da ciki, Manzon Allah (S.A.W.) ya mai da ita har ta haihu, ya sake mai da ita har ta yaye. Saboda wannan yaro aka jinkirta haddi. Wane ne a cikinmu ya fi Manzon Allah kishin addini, da zai tura 'yarsa ga kisan rai don ya tsare sunan gidansa? Laifin iyaye ba ya hawa kan ɗa. Uwar da ta sayo maganin, da uban da ya ba da kuɗin, da wanda ya nuna hanya, duk suna da kamasho a cikin alhakin.

Na biyu, talla. Garinmu kan hanya yake, manyan motoci suna tsayawa lodin albasa, baƙi suna kwana. Mai aika 'yarsa da faranti cikin 'yan lodi da direbobi bayan isha'i ya san inda ya aika ta. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, wahalar matan aure. Mace tana goyo, wani ciki ya shiga, maigida yana bakin teku shekara guda babu aike. Ciyarwa wajibi ce a kan miji, ta mai ciki kuwa Alƙur'ani ya ambace ta a Suratuɗ Ɗalaƙ ko da an sake ta. Alƙur'ani ya kuma ambaci shayarwa ta shekara 2 a Suratul Baƙara. Malamanmu sun halatta azalu da yardar matar, saboda haka hutun da ma'aurata suka shirya tsakanin haihuwa da haihuwa daban yake da zubar da cikin da ya riga ya shiga.

Na huɗu, sakaci da lafiyar mai ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 uwaye 535 ne suke rasa ransu a Nijar. Sau da yawa uwa tana tafiya da abin da ke cikinta. A 2005 da 2006 hukuma ta sanar da cewa tiyatar haihuwa da awon ciki kyauta ne, amma mata nawa ne mazansu suka hana su zuwa awo? Mata nawa ne suka kwana biyu suna naƙuda a ɗaki, sai da ƙarfi ya ƙare aka nemi mota zuwa Ƙwanni ko Galmi? Wanda ya ɗaga murya a kan zubar da ciki, alhali ya bar matarsa tana daka da ɗaukar ruwa da cikin wata tara, ya sake duba lamarinsa.

ABIN DA MUKE KIRA GARE SHI

1. Limamai su karantar da wannan hukunci a fili, ga maza da mata, tare da bayyana laifin namijin da ya gudu.

2. Kowane masallaci ya keɓe wani abu daga sadakar Juma'a da zakkar amfanin gona don kuɗin mota da magani ga mai naƙudar da ba ta da hali.

3. Magidanta su kai matansu awo tun farkon ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa.

4. Idan mace tana zubar da jini, ko ɓari ne ko wani abu, a garzaya da ita likita nan take. Tuhuma ta jira, domin ranta shi ma amana ne.

5. Idan ƙaddara ta faɗa wa wani gida, a rufa asiri, a riƙe yarinyar har ta sauka lafiya, a raɗa wa jariri suna, a yi masa tarbiyya. Ƙofar tuba a buɗe take.

Fitowa don bayyana gaskiya cikin lumana, ba zagi ba ɓarna, abu ne mai kyau, yana cikin umurni da kyakkyawa da hani da mummuna. Amma gangami yini ɗaya ne, ciki kuwa wata tara ne, reno shekaru ne. Suratul Ma'ida, aya ta 32, ta daidaita ladan wanda ya raya rai guda da na wanda ya raya mutane baki ɗaya. Wannan rai guda yana iya kasancewa a gidan maƙwabcinmu, ko a namu.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya shirya mana zuri'armu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya gafarta wa wanda ya yi kuskure ya tuba. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.