Mai Juna Biyu da Tsoron Naƙuda

Karatu: Matta 6:25-34, Fitowa 1:15-21.

'Yan'uwa cikin Almasihu, a Boyekai da ƙauyukan Goronyo, Wurno da Raba, akan koya wa mace ta yi shiru sa'ad da take kan gwiwa, saboda kunya. Amma shirun baki ba kwanciyar rai ba ne. Wata takan kwana da tsoro wata tara, ba ta gaya wa kowa ba.

1. Aikin tsoro. Tun 1933 wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, ya koyar cewa tsoro yakan ɗaure jiki, jiki ɗaurarre ya ƙara zafi, zafi kuwa ya ƙara tsoro. Tsoro mai yawa yana iya jinkirta naƙuda.

2. Tattara hankali. A 1998 wata ungozoma a Amurka, Nancy Bardacke, ta soma koya wa masu ciki su tsai da hankali kan abin da ke faruwa yanzu. Ubangijinmu ma ya hana mu aza kayan gobe a kan yau. Ga yadda za ki yi, 'yar'uwa. Kowace rana ki zauna minti 10. Ki lura da shigar numfashinki da fitarsa. Idan tunanin mutuwa ya zo, kada ki yi kokawa da shi, kada kuwa ki zargi kanki da ƙarancin bangaskiya. Ki ce, "Wannan tsoro ne," ki miƙa shi ga Allah, ki koma kan numfashi. Ciwon naƙuda yakan taso kamar minti ɗaya, ya lafa. Wadda ta saba takan huta a tsakani.

3. Natsuwa ba sakaci ba ce. Allah ya sa wa ungozomomi Shifra da Fu'a albarka domin sun ceci rai. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska, jijjiga, ko naƙuda da ta wuce awa 12: waɗannan na asibiti ne nan da nan. Maigida, tanadi kuɗin mota tun cikin bai tsufa ba.

Tambayoyi: Wace mai ciki ce a ikkilisiyarku ba ta da wanda za ta faɗa wa tsoronta? Wa zai ziyarce ta daga Zumuntar Mata a makon nan?