Darasin Kiwon Lafiya: Ƙiba, Aikin Gwamnati ne ko na Mai Jiki?

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan ƙiba ne. Wani zai yi mamaki, ya ce mu da muke fama da tsadar hatsi ina ruwanmu da zancen ƙiba? To, ga abin da bincike ya nuna. A binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018, an samu yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. A cikin wannan bincike ɗin kuma an samu mata 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce ƙa'ida. Ke nan ana iya samun matsalolin biyu a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai cutarwa.

A wurinmu idan mutum ya yi teɓa sai a ce ya samu duniya. Idan amarya ta yi kumatu sai a yaba wa mijinta. Amma malaman asibiti sun san abin da yake biyo baya: ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa. Waɗannan cututtuka ba sa tafiya da allura ɗaya kamar zazzaɓi. Mai ciwon sukari yakan sayi magani wata bayan wata har ƙarshen rayuwarsa, kuma sau da yawa akuya ko buhun gero ne ake sayarwa don a biya.

Me ya kawo haka a karkara? Rayuwa ce ta canja. Injin niƙa ya rage daka. Babur ya rage tafiyar ƙasa zuwa kasuwa. Duk wannan sauƙi ne, ba wanda zai so a koma wahalar da. Sai dai a daidai lokacin da aikin ƙarfi ya ragu, sai sukari ya ƙaru: a shayi, a koko, a fura, ga lemon kwalba a wurin biki da suna. Jiki kamar rumbu yake. Abin da aka zuba ba a ɗiba ba, nan zai taru.

A nan ne mutane suka rabu biyu. Wasu sun ce kowa shi ke kai loma bakinsa, don haka laifin mai jiki ne. Wasu sun ce gwamnati ce ta bar kamfanoni suna cika kasuwa da kayan zaƙi. Bari mu ɗauki kwalbar lemo guda ɗaya mu gwada maganar kowannensu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babban mutum ya wuce sukari kimanin cokalin shayi 12 a rana, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Robar lemo mai rabin lita tana iya ɗauke da cokali 12 ko fiye. Wato roba ɗaya ta cinye rabon yini guda. Yanzu ka tambayi kanka: manomin da ya saya a tasha ya san haka? Da wane ma'auni zai auna? Rubutun da ke jikin robar da Turanci yake, ƙanana ƙwarai, ko mai ilimin boko sai ya ƙura ido. Ba adalci ba ne a ɗora wa mutum laifin abin da aka ɓoye masa. Tilasta wa kamfani ya faɗi gaskiya a fili aikin hukuma ne, domin ita kaɗai ke da wannan iko. A ƙasar Cile, a Kudancin Amurka, tun 2016 doka ta sa ana manna baƙin tambari babba a gaban duk abincin da sukarinsa ko gishirinsa ko kitsensa ya yi yawa. Ko wanda bai iya karatu ba yana gane tambarin.

Hanya ta biyu ita ce haraji. Ƙasar Meziko ta sa haraji a kan lemon zaƙi a 2014, sayensa kuwa ya ragu. A Ingila harajin ya fara aiki a 2018, an kuma tsara shi yadda kamfanin da ya fi zuba sukari shi zai fi biya. Sai kamfanoni da yawa suka rage sukarin tun kafin ranar ta zo. Wannan dabara ta fi burge mu, domin mai saye bai canja komai ba amma sukarin da yake sha ya ragu. A Nijeriya dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita. Ɗalibai, ku yi lissafin da kanku: a kan roba mai rabin lita naira 5 ke nan. Wa zai fasa sayen abin ɗaruruwan naira saboda ƙarin naira 5? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga amfaninsa sosai.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafarmu, wato ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Wasu mata suna saye a kemis ko wurin masu tallar magani don jikinsu ya cika. A cikinsu akwai magunguna masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Idan aka daɗe ana sha, sai fuska ta kumbura, sukarin jini ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Hana sayar da su barkatai aikin hukumar NAFDAC ne da sauran hukumomin kula da magunguna. Amma in miji da dangi ba su daina gorin rama ba, mai sayarwa ba zai rasa ciniki ba, ko da a ɓoye.

Wannan ya kawo mu ga rabon mai gida da uwargida. Ba jami'in da zai shigo gida ya riƙe hannunka lokacin da kake zuba sukari a shayi. Wanda ya saba da cokali huɗu ya koma uku, bayan mako biyu ya koma biyu. Harshe yana sabawa. A rage man da ake malalawa a miya. Zogale, kuka, rama, wake da tuwon dawa da muke rainawa sun fi taliyar leda da biskit amfani, kuma a gonarmu suke. A ba yaro ruwa ko nono a maimakon lemo, domin abin da ya saba da shi yana ƙarami shi zai nema in ya girma. Wanda ba ya aikin ƙarfi ya samu tafiyar ƙasa ta minti 150 a mako, wato kamar rabin awa kwana biyar.

Ga aikin da za ku yi kafin haɗuwar aji ta gaba. Ku samu igiya, ku auna tsayinku daga ƙafa zuwa ka, ku yanke. Ku ninka ta biyu, sannan ku zagaya cikinku da ita a ɗan saman cibiya. Idan bakunan igiyar sun haɗu, madalla. Idan sun kasa haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa, sai a je asibiti mafi kusa a nemi a auna jini da sukari. Mace mai juna biyu ba ta cikin wannan gwaji. Idan kuma aka je aka tarar babu na'urar awo, a kai maganar ga kwamitin lafiya na unguwa ko kansila, a rubuce, da hannunku.