Tsiron Tulu na Dutsen Kinabalu: Mafarauci ko Mai Neman Taki?

A darasin kimiyyar halittu an koyar da mu cewa tsiro da ganyensa yake haɗa abinci ta hanyar hasken rana, saiwarsa kuma ta jawo ruwa da sinadarai daga ƙasa. To, idan ƙasar ba ta da abin jawowa fa? Amsar tana kan Dutsen Kinabalu, a jihar Sabah ta ƙasar Malesiya, cikin tsibirin Borniyo.

A can ne, da kuma maƙwabcinsa Dutsen Tambuyukon, ake samun tsiron da masana ke kira Nepenthes rajah. Ba ya fitowa da kansa a ko'ina a duniya sai nan. Wani Bature, Hugh Low, ya tsinko shi a 1858, Joseph Hooker kuma ya raɗa masa suna a 1859. Yana tsirowa a tudu mai tsawon mita 1,500 zuwa 2,650, inda hazo ba ya yankewa. Ƙasar wurin tana da ƙarafa irin su nikel da yawa, amma naitirojin, wanda shi ne jigon taki, ya yi mata ƙaranci ƙwarai.

Dabarar tsiron tana ga ganyensa. Daga kusa da ƙarshen ganyen wata igiya ke fitowa, ta kumbura ta zama tulu mai murfi, ja-ja, wanda yakan zauna a ƙasa. Babban tulu yakan kai santimita 41, ya ɗauki ruwa fiye da lita 3. Bakinsa santsi gare shi. Tururuwa ko wani ƙwaro da ƙanshi ya ruɗa sai ya zame ya faɗa ciki, sinadaran ruwan su narkar da shi, bangon tulun ya tsotse. Har ɓera an taɓa samu matacce a ciki, abin da ya sa aka yi ta yayata shi a matsayin dodon tsirrai.

Sai dai wannan suna ya fi ƙarfin gaskiya. Ina amfanin tulu mai cin lita 3 ga mai kama tururuwa? Binciken da aka buga a 2010 da 2011 ya warware wannan ɗauri. Akwai wata 'yar dabba mai kama da kurege, Tupaia montana, da ke hawa bakin tulun da rana don lasar ruwan zaƙin da ke tsattsafowa a ƙarƙashin murfin. Tazarar da ke tsakanin murfin da bakin tulun ta yi daidai da tsawon jikinta, saboda haka tana lasa, bayanta na saitin ramin, ta yi kashi a ciki. Da dare kuma wani ɓeran dutse ya karɓe ta. Wato dai tulun masai ne, zaƙin murfin kuwa ladan mai kawo taki. Ɓeran da ya mutu a ciki tsautsayi ne ya rutsa da shi.

Wannan zama na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ne kuma raunin tsiron. Namiji da mace jijiyarsu daban-daban ce, sai an samu duka biyun kusa da juna kafin a yi iri, kuma yakan yi shekaru kafin ya fara fure. Masu sha'awar tsirrai sun daɗe suna tuge shi a ɓoye, don haka yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin wanda aka ɗebo daga daji tsakanin ƙasashe. Yanzu a ɗakin gwaji ake rainon na sayarwa, gandun Kinabalu kuma ya shiga jerin wuraren gado na duniya na UNESCO a shekarar 2000.