Yadda Ake Haɗa Sautin Bes Irin Na Shugez a Zonkwa

Shugez salon kiɗa ne da ya taso a Birtaniya a ƙarshen shekarun 1980. Jitoci ne ake jibga wa amsa-kuwwa da kaushi har sautinsu ya narke cikin juna, muryar mawaƙi ta nutse a ciki. Wanda yake son jin asalinsa ya nemi faifan Loveless na My Bloody Valentine da ya fito a 1991, ko Souvlaki na Slowdive na 1993. A Zonkwa ba ka da dandalin wannan kiɗa, amma kana da majami'u, na ECWA da Katolika da Baftis da sauransu, kuma a nan yawancin masu kaɗa bes suka koyi hannu. Waƙoƙin sujada masu tafiyar hawainiya, inda kibod ke shimfiɗa doguwar murya, ba su da nisa da shugez. Abin da zan faɗa zai yi maka aiki a wurin.

Kafin ka kashe ko sisi, saurari "Leave Them All Behind" ta ƙungiyar Ride ta garin Oxford, wadda ta fito a 1992, ka bi bes ɗin Steve Queralt da kunne. Jitoci sun turnuƙe kamar hazon hunturu, shi kuwa yana tsaye kamar dutsen Kagoro da ake hangowa ta ciki. Aikinka ke nan. In kai ma ka shiga hazon, waƙa ta rasa mai riƙe ta.

Fara da jitar kanta, ba fedal ko ɗaya. Ɗaura tsirkiyoyi masu rai, domin tsofaffin da gumi ya cinye ba su da haƙoran da za su ratsa jitoci biyu da kibod. In aljihu bai kai ba, kwance su ka tafasa a ruwa minti goma, ka shanya su bushe sarai. Za su farfaɗo na ɗan lokaci. Gwada kaɗawa da fik maimakon yatsu, kusa da gadar jita. A amfilifaya kuma, kada ka murɗe maɓallin ƙasan sauti har ƙarshe kamar yadda aka saba. Tsirkiyar E tana motsi ne a wajen Hz 41, ƙananan lasifikokinmu kuwa ba sa iya fitar da wannan, sai dai su yi ta kakari. Rage kaɗan a wajen Hz 250 inda caɓi yake taruwa, ka ɗaga wajen 700 zuwa 800. Kai kaɗai za ka ji kamar sautin ya rame. Bari sauran makaɗa su shigo ka ji.

Sai fedal na farko, kuma nan ne kuɗinka ya kamata ya tafi: mai sa kaushi. Matsalar yawancinsu, musamman waɗanda aka ƙera don ƙaramar jita, ita ce da zarar ka taka sai ƙasan sautin ya ɓace, ka koma kamar mai jita na uku. Don haka nemi wanda yake gauraya tsabtataccen sauti da mai kaushin. Boss ODB-3 yana da maɓallin murɗawa da aka rubuta wa Balance don wannan aiki. Bass Big Muff Pi na Electro-Harmonix yana da ɗan makunni mai matsayi uku. Tura shi kan Dry, asalin sautinka zai wuce cikakke, kaushin ya hau kansa. A ganina Big Muff ya fi dacewa da shugez, don kaushinsa mai kauri ne, na ODB-3 kuwa yana iya yin tsini kamar zarto in ba a danne samansa ba. Saita shi haka: mayar da kaushin ƙasa ƙwarai, ka kaɗa murya ɗaya kana ƙarawa a hankali, har ka ji gashi ya fara tsirowa a bakin sautin. Tsaya nan. Sannan ka daidaita ƙarfi, ya zama ko ka taka ko ka ɗage, ƙarar ba ta yi tsalle ba. Mai kula da miksa zai sa maka albarka, haka ma iyayenmu na Zumuntar Mata da ke zaune a layin gaba.

Na biyu, koras, in da hali. Yana sa murya ta ɗan yi rawa kamar mutum biyu ke kaɗawa. Boss CEB-3 yana da Low Filter, wanda ke barin ƙasa ta tsaya cak, sama kawai ta yi rawar. Sa gudun a hankali.

Ribab, wato mai amsa-kuwwa, shi ne kowa ke ɗokin saya, ni kuwa cewa nake a bar shi ƙarshe, ko a bar wa mai jita. Shiga majami'arku ranar Talata da rana, ba kowa, ka tafa hannu sau ɗaya. Rufin kwano, daɓen siminti ko tayil, bango tsirara: ɗakin ya riga ya ba ka amsa-kuwwa kyauta. Ka ƙara naka a kai, muryar da ka kaɗa ɗazu za ta ci karo da ta yanzu. In ka nace, sa kaɗan, a inda ganguna suka yi shiru kana kaɗa siraran muryoyi can saman wuyan jita.

Jerin haɗa kayan daga jita shi ne: mai saita tsirkiya, kwamfiresa in akwai, mai kaushi, koras, ribab, sannan akwatin DI zuwa miksa. Wanda ba zai iya sayen su ɗaiɗai ba, Zoom B1 Four ya ishe shi. Yana ɗaukar salo biyar a lokaci guda, yana cin batir AA huɗu ko wayar USB, wato har fawabank ɗin wayarka zai tashe shi. In za ka sayi na hannu a Jos ko Kaduna, tafi da jitarka, ka taka makunnin sau da yawa, ka murɗa kowane maɓalli kana sauraron ƙaraf-ƙaraf.

Wuta ita ce ke kayar da mutane. Fedal irin na Boss bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu negetif ne. Adaftar dikoda ko ta kibod da ka tsinta a ofishin coci tana iya zama bolt 12 ko a juye. Sau ɗaya za ka soka, ka ji ƙauri. Karanta jikinta tukuna. Mai kaushi kuma yana ninka duk wani ƙugi da ke cikin waya, shi ya sa da an tada janareta za ka ji "zzzz" ya cika lasifika. Gwada fedal ɗin da batir. In ƙugin ya tafi, laifin adafta ne. In bai tafi ba, danna Ground Lift a akwatin DI, ka jona amfilifaya da miksa a soket ɗaya, ka nisanta wayar jita daga wayar wuta. Da hunturu ka riƙa rufe kayan da ƙyalle, ƙura na shiga maɓallai. Da damina kuwa, yadda ruwa ke zuba a kudancin Kaduna, kada ka bar su a ƙasa, kuma cire batir in an tashi.

Saura ranar gwaji. Sami mai kibod ka ce masa, "Ɗan'uwa, don Allah ɗage hannun hagun nan daga ƙasa, ka bar mini wajen." Sai ka miƙa wa wani jitarka ya kaɗa, kai ka taka har bencin ƙarshe ka saurara. In daga can kana iya bin kowace murya ta bes ka rera ta da baki, saitin ya yi. Ɗauki hoton maɓallan da waya, ka tuna kuma ranar Lahadi jama'a za su cika ɗakin su shanye wani sashe na saman sautin, sai ka ɗan ƙara shi bayan waƙar farko.